Yaron da ba shi da lafiya: yaushe zai koma makarantar raino?

Masu makarantun raino da iyaye sukan yi ta sa-in-sa a kan yaron da aka ce a kai shi gida. Uwa na ganin ɗanta ya warware, malama na tsoron sauran yara 20 da ke ɗaki ɗaya suna shan ruwa da kofi ɗaya. Kowace cuta na da kwanakinta, kuma inda aka fi kuskure shi ne ranar da ake fara ƙirga su.

Gudawa da amai suna cikin waɗanda suka fi yawa. Ana ƙirga awa 48 daga gudawar ƙarshe ko aman ƙarshe, ba daga ranar da ciwon ya fara ba. Yaron da ya yi amai da asubar Litinin, sai Laraba zai dawo. A gida a riƙa ba shi ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zinc kwana 10 zuwa 14. Idan da jini a kashin, asibiti za a nufa.

Zazzaɓi kuma, a jira awa 24 jiki bai yi zafi ba ba tare da magani ba. A nan wasu iyaye ke yin wayo: a ɗura wa yaro farasitamol da ƙarfe bakwai, a kawo shi jiki sanyi, kafin azahar ya sake zama wuta. Maganin ya rufe zafin ne kawai, cutar na nan.

Ƙyanda, wato baƙon dauro, ana ƙirga kwana 4 daga fitowar ƙuraje. Amma yaro na yaɗa ta tun kwana 4 kafin su fito, lokacin da ake ganin mura ce da jan ido. Don haka a duba katin rigakafin 'yan ajin nan take. Allurar ƙyanda a Najeriya ana yin ta a wata 9, ta biyu a wata 15. Ƙarambau sai duk ƙurajen sun bushe sun yi ɓawo, aƙalla kwana 5 daga fitowarsu, kuma kada a ba yaron asfirin. A sanar da malama ko uwa mai juna biyu da ta yi hulɗa da shi. Hangum kwana 5 ne daga kumburin kumatu. Tarin shiƙa, kwana 5 da fara maganin da likita ya rubuta, ko kwana 21 da fara tarin idan ba a sha magani ba.

Ƙazwa sai an shafa magani karo na farko, kuma duk gidan za a yi wa tare, a wanke zannuwa a shanya a rana. Kwarkwata da 'yar mura marar zazzaɓi ba su isa a kori yaro ba. Maleriya ma ba a ɗaukar ta daga yaro zuwa yaro, sauro ne ke kai ta.

Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da farin abu a ganda, ko zazzaɓi da sanƙarewar wuya, wannan ya wuce batun ƙirga kwana. Ana zargin mashaƙo ko sanƙarau, a garzaya asibiti, makaranta kuma ta sanar da jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma ko ta kira layin hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, 6232.