Jinyar dare da rana a gida: inda kamfanin inshora ke togewa

Majinyacin da aka huda wa maƙogwaro yana numfashi da na'ura, ko wanda laka ta katse masa ba ya iya juyawa da kansa, ba a barinsa shi kaɗai ko na awa ɗaya. Likita ya rubuta cewa sai an kula da shi awa 24. Kamfanin inshora kuma ya amsa da cewa awa huɗu ko shida zai biya. Daga nan rigima take tashi, kuma kusan kullum tushenta ɗaya ne: shin wannan aikin jinya ne na ƙwararru, ko hidimar yau da kullum?

Aikin ƙwararru shi ne zuƙe majina daga bututun maƙogwaro, lura da na'urar numfashi, allura ta jijiya, wanke gyambon kwanciya mai zurfi. Hidimar yau da kullum kuwa abubuwa shida aka saba lissafawa: wanka, sa tufafi, cin abinci, zuwa bayan gida, tashi daga gado zuwa kujera, da riƙe fitsari da ba-haya. Inshorar lafiya na biyan na farko. Na biyun tana turawa ga inshorar kulawa ta dogon lokaci, idan mutum yana da ita, ko kuma ga iyali.

Dokokin ƙasashe sun ja wannan layi ta hanyoyi daban-daban. A Amurka, shirin Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati don tsofaffi da naƙasassu, ba ya biyan kulawar awa 24 a gida. Iyakarsa ƙasa da awa 8 a rana da awa 28 a mako, wani lokaci har 35. A Jamus asusu biyu ne, na lafiya da na kulawa wanda aka kafa a 1995, kuma ja-in-jar takan zama ta wane asusu zai ɗauki waɗanne awanni. A Ingila, tun bayan shari'ar Coughlan ta 1999, idan babbar buƙatar mutum ta lafiya ce, hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ce ke ɗaukar nauyin gaba ɗaya.

Hujjar da kamfanoni suka fi kawowa ita ce majinyacin "ya daidaita", ba ya samun sauƙi, ba ya kuma taɓarɓarewa, don haka ba ya buƙatar nas. Wannan hujja ce mai rauni. Ya daidaita ne saboda ana zuƙe masa majina kafin ta toshe bututu. A janye nas a ga abin da zai faru. A Amurka, sasancin shari'ar Jimmo a 2013 ya tabbatar wa masu Medicare cewa ba sai ana sa ran warkewa ba, jinyar da ke hana lalacewa ma tana cikin abin da ake biya. Akwai kuma dabarar ƙirga mintuna: a ce zuƙar majina minti biyar ce, sau goma a rana, jimilla minti 50. Amma ba wanda ya san ƙarfe nawa bututun zai toshe. Zaman jiran shi ne aikin. Sai hujja ta uku, cewa an koya wa matarsa ko 'yarsa, su yi. Koyon aiki bai mayar da mutum ma'aikacin jinya da ba ya barci ba.

Idan an ƙi biya, kada a tsaya ga maganar waya. A nemi ƙin amincewar a rubuce, da sakin layin yarjejeniyar da aka dogara da shi, da ma'aunin da likitan kamfani ya yi amfani da shi. A duba wa'adin ɗaukaka ƙara nan take, domin nan mutane da yawa ke faɗuwa: a Jamus wata ɗaya ne, a yawancin tsare-tsaren Amurka kwana 180. Idan jinkiri zai jefa rai cikin haɗari, a nemi bitar gaggawa, wadda a Amurka ake yanke ta cikin awa 72. In an sake ƙi, sai masu bita masu zaman kansu, hukumar da ke sa ido kan inshora, ko kotu, inda za a iya roƙon umarnin wucin gadi na ci gaba da jinya.

Takardar likita mai cewa "yana buƙatar kulawa sosai" ba ta cin shari'a. Wadda ke ci ita ce mai faɗin wane aiki, sau nawa, da abin da zai auku cikin minti nawa idan ba a yi ba. A haɗa ta da littafin jinya na mako biyu zuwa huɗu, awa bayan awa, musamman na dare: ƙarfe 2:40 iskar oksijin a jini ta sauka, an zuƙe majina, ta dawo. Ranar da mai tantancewa daga inshora zai zo gida kuma, kada kunya ta sa a ɓoye munanan ranaku, domin abin da ya gani cikin awa guda shi zai rubuta.