Ma'anar "flip-flop": lashe amai irin na 'yan siyasar Amurka

Mai bibiyar zaɓen Amurka ba ya rasa jin an ce wa wani ɗan takara ya yi "flip-flop". Kalmar tana da fuska biyu a bakin Amurkawa. Ita ce sunan silifas, takalmin nan mai fat-fat in ana tafiya, kuma ita ce zargin da ake yi wa ɗan siyasar da ya juya wa maganarsa ta jiya baya saboda neman ƙuri'a. Mu sai mu ce ya yi amai ya lashe. Shi ya sa a babban taron jam'iyyar Republican na 2004 wakilai suka riƙa ɗaga silifas sama suna yi wa John Kerry, ɗan takarar shugaban ƙasa na jam'iyyar Democrat, ba'a.

Kada a haɗa ta da sauya sheƙa. Mai "flip-flop" yana nan daram a jam'iyyarsa, bakinsa ne kawai ya juya.

Babu inda abin ya fi fitowa fili kamar batun baƙin haure. Ga Marco Rubio, ɗan Republican, wanda iyayensa suka yi ƙaura daga Kuba a 1956. A 2013 yana cikin sanatoci takwas, huɗu daga kowace jam'iyya, da suka tsara ƙudurin da zai buɗe wa mutane wajen miliyan 11 marasa takardun zama hanyar zama 'yan ƙasa. Majalisar Dattawa ta amince da shi da ƙuri'a 68, masu adawa 32, Majalisar Wakilai kuwa ko tattauna shi ba ta yi ba. Da Rubio ya fito neman shugabancin ƙasa a 2015 sai ya nesanta kansa da aikin hannunsa, ya ce sai an fara tsare iyaka tukuna. Hakan bai cece shi ba: abokin takararsa Ted Cruz ya yi ta goranta masa a muhawara, Donald Trump kuma ya kayar da shi a zaɓen fid da gwani har a jiharsa ta Florida.

Juyin ba gefe ɗaya yake yi ba. Kirsten Gillibrand, 'yar Democrat, lokacin da take wakiltar wani yankin karkara na jihar New York ta yi adawa da yi wa baƙin haure afuwa. Da aka naɗa ta sanata a 2009, birnin New York mai cike da baƙi ya shigo cikin mazaɓarta, sai murya ta sauya. A 2018 har kira ta yi a rushe hukumar ICE mai kame da korar baƙi, ta kuma ce tana jin kunyar matsayinta na baya. Shekarar da ta biyo ta fito takarar shugaban ƙasa.

A ganina sirrin yana wurin masu zaɓe. A Amurka sai ka tsallake zaɓen fid da gwani, inda 'yan gani-kashe-nin jam'iyya suka fi fitowa, kafin ka fuskanci jama'a duka. Kowace kujera da irin kunnuwan da za ka faranta wa. Mutum kan sauya ra'ayi tsakaninsa da Allah, ba a musu, shi ya sa masu yin hakan suka fi son a ce fahimtarsu ce ta ƙaru. Amma in fahimtar ba ta ƙaruwa sai an buga gangar zaɓe, dole a yi zargi.

Marigayi John McCain ma ya taka wannan rawa. Shi da Ted Kennedy suka rubuta ƙudurin gyaran dokar shige da fice a 2005. A wata muhawara a Janairun 2008, yana neman tikitin Republican, aka tambaye shi ko zai jefa wa ƙudurin nasa ƙuri'a, ya ce a'a. A 2010 ya yi tallan neman a kammala shingen iyakar Meziko. A 2013 kuma sai ga shi cikin sanatocin nan takwas, kafaɗa da kafaɗa da Rubio.