Wightwick: gidan da ya ƙara wa kansa shekaru

Wane gida ne, kuma ina yake?

Wightwick Manor yana gefen birnin Wolverhampton a Ingila, masu wurin kuma "Witik" suke furta sunan. Theodore Mander, attajirin da danginsa suka yi arziki da masana'antar fenti, shi ya sa aka gina shi a 1887. Edward Ould ne ya zana gidan a salon Tudor da aka farfaɗo, shi ne kuma ya ƙara masa wani babban ɓangare a 1893.

Me ake nufi da salon Tudor da aka farfaɗo?

Tudor sunan gidan sarautar da ya mulki Ingila ne daga 1485 zuwa 1603. Bayan kusan shekara 300, masu kuɗin zamanin masana'antu suka gaji da hayaƙi da gine-gine masu kama ɗaya, sai suka koma kwaikwayon gidajen wancan lokaci. Abin dariyar, da kuɗin masana'antun aka gina su.

Da me mutum zai gane salon idan ya tsaya a waje?

Abin da ido ke fara kamawa shi ne baƙin katako a kan farin bango, wani a tsaye, wani a gicciye, wani an lanƙwasa shi ya zama ado. A ƙasa akwai jan bulo da dutse. Rufin yana da tsini sosai, ga dogayen bututun hayaƙi na bulo da aka yi wa ado, ga tagogi jere masu ƙananan gilasai da aka haɗa da dalma. A wasu wurare benen yana turo ƙirji ya wuce bangon ƙasa.

Amma ni a ganina gwanintar Ould tana cikin rashin daidaiton ginin. Hagu bai yi kama da dama ba, nan ya shige, can ya fito, kamar gidan gado da kaka ya fara, ɗa ya ƙara, jika ya sake ƙarawa. Da gangan aka yi haka, alhali shekara 6 kacal ke tsakanin ɓangarorin biyu.

To, katakon ne ke riƙe da ginin?

A gidajen Tudor na asali, shi ne ƙashin ginin. A yawancin na kwaikwayo kuwa bulo ke ɗaukar nauyi, katakon kwalliya ne. Ko baƙin launin ma, mutanen ƙarni na 19 ne suka yayata shi.

Cikin fa?

A nan asirinsa ke tonuwa. Tun farko da wutar lantarki da na'urar ɗumama ɗakuna aka gina shi. Babban falon 1893 an yi shi da siffar zauren iyayengiji na da, amma takardun bango da yadudduka na kamfanin William Morris ne, mai zanen kayan adon gida na ƙarni na 19.

Wace irin kariya yake da ita?

Geoffrey Mander, ɗan mai gidan, ya miƙa shi ga National Trust, ƙungiyar da ke kula da gine-gine da wuraren tarihi, a 1937, lokacin gidan bai wuce shekara 50 ba. Yau yana mataki na ɗaya a jerin gine-ginen da dokar Ingila ta kare. Ba a rushe wani sashe ko sauya fasalinsa, ciki ko waje, sai da izinin hukuma, kuma yin hakan ba izini laifi ne da ke kai mutum kotu.