Furotiyomik a Binciken Bairas

Furotiyomik a binciken bairas fanni ne na kimiyyar halittu da ke bin diddigin yadda furotin na bairas ke cuɗanya da na tantanin da ya shiga. Bairas ba ya iya hayayyafa shi kaɗai, domin kayan aikinsa kaɗan ne. HIV ƙwayoyin gado tara kacal gare shi, alhali ɗan Adam yana da kusan 20,000. Abin da bairas ya rasa, a jikin tantani yake ƙwata. Masu wannan fanni suna neman sanin wane furotin ne ya kama wanne, a wane lokaci, kuma me ya biyo baya.

Tarihi

Tambayar ta girmi sunan fannin. A 1979, David Lane da Lionel Crawford a Landan, da Daniel Linzer da Arnold Levine a Amurka, sun ga wani furotin na tantani manne da furotin na bairas ɗin SV40. Shi ne p53, wanda sai bayan kusan shekara goma aka gane cewa yana cikin manyan masu hana ciwon daji tasowa. Wato bairas ne ya nuna wa masana inda mai gadin tantani yake, ta hanyar zuwa ya ɗaure shi. A wancan zamani furotin ɗaya-ɗaya ake farauta, kuma gano sunan guda kan ci shekaru.

Abin da ya sauya lamarin shi ne na'urar auna nauyin ƙwayoyin sinadari. A ƙarshen shekarun 1980 John Fenn da Koichi Tanaka suka samo hanyoyin auna manyan ƙwayoyi irin furotin ba tare da sun farfashe ba, aikin da ya ba su kyautar Nobel a 2002. Ita kuwa kalmar "furotiyom", wato jimillar furotin da ke cikin tantani, Marc Wilkins ne ya gabatar da ita a wani taro a Siyena ta Italiya a 1994, yana ɗalibin digiri na uku.

A 2011 aka gano cewa SAMHD1, wani furotin na tantani, shi ne ke hana HIV hayayyafa a wasu tantanin garkuwar jiki, ta hanyar duba abin da furotin ɗin bairas mai suna Vpx ke lalatawa. A 2012 ɗakin binciken Nevan Krogan a San Faransisko ya fitar da taswirar haɗuwa 497 tsakanin furotin na HIV da na mutum. Da korona ta ɓulla, ayarin da ya jagoranta ya sarrafa 26 daga cikin furotin 29 na bairas ɗin, ya gano haɗuwa 332 cikin 'yan watanni a 2020.

Hanyar aiki

Ana liƙa wa furotin na bairas alama, a sa tantani ya ƙera shi. Sai a fasa tantanin, a janyo mai alamar kamar da ƙugiya, tare da duk abin da ya maƙale masa. A wanke, a daddatsa da sinadarin tirifsin, a zuba wa na'ura. Kwamfuta ce ke mayar da nauyin gutsattsarin zuwa sunaye. Wankin nan shi ne wurin gwaninta: in ya yi yawa abokin haɗuwa na gaske ya tafi, in ya yi kaɗan tarkace ya cika jerin.





Saɓani

Wasu masana na ganin cewa tilasta wa tantani ƙera furotin guda fiye da kima na haifar da haɗuwar da ba ta faruwa a kamuwa ta gaskiya. Shi ya sa ake sake gwada sakamakon da bairas mai rai.