Yaro mai yawan fargaba: tambayoyin da iyaye ba sa gajiya da yi min

Anya ba shagwaɓa ba ce?

A'a. Mai shagwaɓa da an ba shi abin da yake so ya ware, wannan ko an ba shi gabansa bai daina faɗuwa ba.

Kullum ciwon ciki, likita kuma ya ce bai ga komai ba. Yaron ƙarya yake?

Ciwon gaske ne. Tsoro ke sa zuciya bugawa da sauri, ciki ya murɗa, tafin hannu ya jiƙe da gumi. Ku lura, da safen makaranta yake tashi, ranar hutu shiru.

Ni na jawo masa?

Haba, ku daina wannan. Akwai gado, akwai abin da yaro ya gani. Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO) ta ce cikin kowane matasa 7 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, fargaba na sahun gaba.

Yana kuka ba zai je makaranta ba, in bar shi ko in tilasta masa?

Toh, nan ne wuyar. Da farko a bincika ko wani ke cin zalinsa ko wani malami ke firgita shi, in haka ne ai tsoronsa na da dalili, wannan za a fara gyarawa. In ba haka ba, barinsa a gida zai kawo sauƙi yau, amma gobe tsoron ya ninka, don ya koyi cewa gudu ne mafita, duka da tsawa kuma su sa ya daina gaya muku komai. Abin da ya fi aiki, ba ga kowane yaro ba dai, shi ne a bi a hankali, yau bakin get, gobe awa ɗaya a aji, jibi rabin yini. Masanin halayyar ɗan Adam Eli Lebowitz na jami'ar Yale ya gina wani tsari mai suna SPACE, inda iyaye ake koya wa su rage taimaka wa yaron wajen kauce wa abin da yake tsoro. Ku ce masa "na san kana jin tsoro, kuma na san za ka iya", ba "babu komai" sau goma ba. Wani sati zai ja baya, ba ku gaza ba.

Magani fa?

Likita kaɗai. Yawanci da zaman tattaunawa na CBT ake farawa, wato koya wa yaro sauya yadda yake tunani da yadda yake tunkarar abin da yake tsoro.

Zai wuce da kansa?

Tsoron ɗan ƙarami mai liƙe wa uwa yakan wuce. In an shafe makonni yana hana shi barci da karatu, ku kai shi asibiti. In ya ambaci cutar da kansa, yau ɗin nan za ku kai shi.