Facin kolajin a gyaran bututun fitsari: tambayoyi da amsoshi

Idan bututun fitsarin namiji ya tsuke tsawon santimita huɗu ko biyar, yanke wurin a haɗa bakunan biyu ba zai yiwu ba, dole sai an nemo faci. Kusan shekara talatin ke nan likitoci suna ɗebo facin daga cikin bakin majiyyaci. Masu bincike kuwa burinsu a kai ranar da za a ɗauko shi daga kwali, wato facin kolajin da aka riga aka sarrafa, ko a raine shi a ɗakin gwaje-gwaje. Ga inda maganar ta kwana.

Me ke tsuke bututun tun farko?

Tabo. Tsawon bututun namiji kimanin santimita 18 zuwa 20 ne, kuma mafi yawansa a cikin wani nama mai kama da soso yake kwance, cike da jini. Idan fatar cikin bututun ta yage, fitsari ya ratsa soson, sai wurin ya kumbura, ya warke da tabo mai tauri. Shi kuma tabo halinsa ne ya takure. Abubuwan da suka fi jawo haka su ne faɗuwa a kan ƙarfe ko katako ta tsakanin cinyoyi, karayar ƙashin ƙugu, robar fitsari da aka tura da ƙarfi ko ta daɗe a ciki, ciwon sanyi da ba a yi maganinsa ba, cutar fatar da ake kira lichen sclerosus, da kuma gyaran da bai yi ba ga yaron da aka haifa ƙofar fitsarinsa tana ƙasa da kan kaciya.

To me ya hana a buɗa shi kawai?

Ana buɗawa, ko da sandunan ƙarfe masu bambancin kauri, ko a shiga da kyamara a tsaga tabon ta ciki. Ga gajeriyar tsukewa a karon farko yakan yi. Amma wanda aka tsaga sau biyu, sau uku, kusan tabbas zai dawo, kuma kowane yanka tsawon tabon yake ƙarawa. Idan bai wuce kimanin santimita 2 ba, kuma yana sashen da ke bayan 'yan maraina, sai a yanke shi ɗungurungum a haɗa bakunan. Abin da ya fi haka, in aka jawo bakunan da ƙarfi, mazakuta za ta iya lanƙwashewa ko ta gajarce. Shi ya sa ake tsaga bututun a tsaye, a shimfiɗa faci a tsagar don ya yalwata.

Tunda fatar cikin kunci tana aiki, me ake nema kuma?

Tana aiki ƙwarai. Ta saba da danshi, ba ta da gashi, samanta da kauri, ƙasanta siriri ne mai yawan ƙananan jijiyoyin jini, don haka tana kamawa da wuri. Tun bayan da Guido Barbagli na Italiya ya bayyana dabarar ɗinke faci a bayan bututu a 1996, aikin ya ƙara yaɗuwa, kuma nasarar da ake samu da fatar kunci takan kai kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari. Duk wani sabon faci da wannan ma'aunin ake gwada shi.

Matsalar ita ce baki ba rumbu ba ne. Kunci ɗaya kimanin santimita 5 zuwa 6 a tsayi yake bayarwa, faɗi kuma wajen 2. Wanda bututunsa ya tsuke daga farko har ƙarshe sai an haɗa kumatu biyu, wani lokaci har da ƙarƙashin harshe. Bayan aiki akwai ciwo, wasu wurin ya mutu musu na wani lokaci, wasu bakin ya riƙa ɗaurewa, kuma dole likita ya kiyayi ƙofar yawu da ke daidai haƙorin sama na biyu cikin turame. Wanda aka riga aka ɗiba sau ɗaya aikin bai yi ba, ko mai ciwo a fatar baki, shi ne ainihin wanda ake yi wa wannan nema.

Mene ne kolajin, kuma daga ina ake samo facin?

Shi ne furotin da ya fi kowanne yawa a jiki, zaren da ya saƙa fata, jijiya da bangon hanji. Idan aka wanke sel, wato ƙananan ƙwayoyin halitta masu rai, daga nama, saƙar da ta rage mafi yawanta kolajin ne. Uku aka fi gwadawa a bututun fitsari: shimfiɗar tsakiyar ƙaramin hanjin alade, wadda ake taƙaitawa da SIS, shimfiɗar mafitsara, ta alade ko ta mamacin da ya ba da gudummawar sassan jikinsa, da ƙasan fata. Majiyyaci yana da hakkin a gaya masa wanne za a sa masa kafin ya sa hannu.

Sarrafawar ita ce komai. Ana kankare tsoka da fatar sama, a jiƙa abin da ya rage a ruwan sabulun ɗakin gwaji irin SDS ko Triton X-100 don sel su fashe, a zuba sinadaran da ke narkar da ragowar DNA, a yi ta ɗauraya, a busar a cikin sanyi, a kashe ƙwayoyin cuta da iskar gas ko hasken gama. Ma'aunin da masana suka fi ambata shi ne kada ragowar DNA ta kai nanogiram 50 a kowane miligiram na busasshen faci. In wankin bai isa ba, garkuwar jiki ta far masa, domin akwai wani sukari a jikin sel na alade da jinin mutum ya riga ya tsana. In wankin ya yi yawa, saƙar ta yi laushi, sinadaran da ke kiran sel su tafi tare da ruwan. In sabulu ya rage a ciki, ya kashe sel ɗin da suka zo zama.

Akwai masu taurara facin da sinadarai don ya daɗe. Wannan an gudu ba a tsira ba: facin da ya ƙi narkewa jiki yakan ɗauke shi baƙo, ya naɗe shi da tabo.

Abu marar rai yaya zai koma nama?

Ba ya komawa. Danga ce, naman majiyyaci shi ne yaɗon da zai bi ta. Fatar bututu tana rarrafowa daga gefunan da aka ɗinka, jijiyoyin jini suna kutsowa daga ƙasa, shi kuma facin yana narkewa a hankali cikin makonni zuwa watanni, jiki yana maye gurbinsa da nasa.

A nan gizo ke saƙa, domin tsere ake yi da lokaci. Ko dashen fata mai rai, kwana biyun farko tsotson ruwa yake daga makwancinsa, sai a kwana biyu na gaba jijiyoyinsa su fara haɗuwa da na wurin. Iskar oksijin ba ta ratsa nama fiye da kimanin milimita 0.1 zuwa 0.2 daga jijiya mafi kusa. Facin kolajin ba shi da jijiyar da za ta haɗu, sai an haƙa sababbi, kuma ba shi da fatar da za ta tare fitsari. Idan fata ta riga ta rufe shi, an samu bututu. Idan fitsari ya riga ya ratsa, kumburi ya tashi, sel masu jan tabo su taru, wurin ya sake tsukewa. Abin dariyar shi ne tabon ma kolajin ne. Bambancin kawai, na lafiya sako-sako yake, jini na ratsa shi, na tabo kuwa a cunkushe yake ba jini.

Ina iyakar facin da ba a shuka masa sel ba?

Abu uku ke yanke hukunci: siffa, tsawo, da lafiyar makwanci.

Siffa tukuna. Idan an bar rabin bangon bututu, aka yi rufi da faci, sel daga gefe biyu suke tahowa a duk tsawonsa, tafiyar ba ta wuce 'yan milimitoci ba. Idan kuwa an cire zagayen duka aka sa facin da aka naɗe kamar kara, daga bakuna biyu kaɗai za su taho. Gwajin da ƙungiyar likita Anthony Atala na Amurka ta wallafa a 2008 a kan zomaye ya nuna rabin santimita ne iyakar abin da irin wannan naɗin ke warkewa lafiya. Daga santimita 1 zuwa sama duk sun tsuke.

Makwanci kuma, aikin da aka yi a Alƙahira aka wallafa a 2008 ya fito da shi fili. Maza 30 aka raba ta ƙuri'a, rabi fatar kunci, rabi facin mafitsara. Cikin waɗanda namansu ke da lafiya, facin ya yi wa 8 cikin 9. Cikin waɗanda aka sha yi wa aiki har wurin ya lalace, 2 cikin 6 kawai ya yi wa, alhali fatar kunci ta yi wa duk waɗanda aka sa wa. Wato wanda ya fi buƙatar facin kwali shi ne wanda facin ya fi ba wa kunya.

Tsawo ma haka. Rahoton likitan Italiya Enzo Palminteri na 2012 kan maza 25 da aka yi wa faci da SIS ya nuna nasarar kashi 76, amma waɗanda tsukewarsu ta haura santimita 4 duk ta dawo musu.

Shuka sel a kan facin fa, yaya ake yi?

Ana yanko ɗan guntun nama daga majiyyacin, rabin santimita zuwa ɗaya, daga kunci ko mafitsara. Na kunci ya fi sauƙi, allurar kashe zafi ta wadatar. A ɗakin gwaji a raba fatar sama da naman ƙasa, a warware sel ɗai-ɗai, a raine su a zafin digiri 37 cikin ruwan abinci da ake sauyawa duk kwana biyu ko uku. Bayan kamar mako uku sun yi yawan da ake so. Sai a shimfiɗa sel na fata a fuskar da fitsari zai bi, na tsoka ko na nama a ɗaya fuskar, a bar su su kama, a gwada a tabbatar ba ƙwayar cuta, a kai ɗakin tiyata ba jinkiri. Fa'idar ita ce faci ya shiga da rufinsa, ba sai ya jira fata daga gefe ba. A karnuka an maye gurbin santimita 6 da naɗin kolajin mai sel kuma ya zauna a buɗe.

A jikin mutane labarin ya kasu. A birnin Meziko an yi wa yara maza biyar, masu shekara 10 zuwa 14, cikakken bututu da sel na mafitsararsu, aka bi su kusan shekara shida suna fitsari lafiya, kamar yadda mujallar Lancet ta buga a 2011. Sai dai a lura, saƙar da aka yi amfani da ita ta roba ce mai narkewa, ba kolajin ba. A Sheffield ta Ingila an sa wa mutum biyar masu lichen sclerosus fatar kunci da aka raina a kan ƙasan fata: duk ta kama da farko, daga baya aka cire ta gaba ɗaya a jikin ɗaya, aka cire wani sashe a jikin wani, sauran ukun kuma sai da aka sake buɗa su. A Jamus, wani faci na sel ɗin kunci da aka raina, mai suna MukoCell, da aka gwada a maza 99 ya ba da nasarar kusan kashi 67 a shekarar farko, 58 a ta biyu, kuma sakamakon ya bambanta sosai daga asibiti zuwa asibiti. Hannun likita bai daina zama rabin magani ba.

Yaya aikin yake, kuma me ake lura da shi bayansa?

Akan tsaga tsakanin 'yan maraina da dubura, a buɗe tabon a tsaye har a shiga nama mai lafiya ta kowane ɓangare. Busasshen faci ana jiƙa shi a ruwan gishiri na 'yan mintuna, a yanka shi da ɗan rara saboda zai takure, a ɗinka da siririn zare mai narkewa. Likita mai hankali yakan bi tsakiyar facin da ƙananan ɗinki ya manne shi da makwancinsa, domin ɗigon jinin da ya taru a ƙasa ya isa ya raba shi da abincinsa. Ana barin robar fitsari mai lamba 14 ko 16 kamar mako uku. Kafin a zare ta a ɗura ruwan hoto a duba ko ɗinkin na yoyo. In yana yi, a ƙara mako ɗaya ko biyu.

Daga nan sai gwajin ƙarfin fitsari lokaci-lokaci. Idan ya sauka ƙasa da mililita 15 a daƙiƙa, ana zargin tsukewa ta dawo, a shiga da kyamara a gani. An fi samun ta a bakin ɗinki, inda faci ya haɗu da tsohon nama. Sauran abubuwan da ke faruwa su ne ƙwayoyin cuta, huji da fitsari ke fita ta fata, da kuma faci ya buɗe kamar aljihu idan ba abin da ya tallafe shi ta baya, mutum ya gama fitsari ya riƙa ɗiga a wando. Taba sigari da ciwon sukari da ba a kula da shi ba suna rage jinin makwanci, su ƙara duk waɗannan.

Me ya sa har yanzu ba a ganinsa a kowane asibiti?

Facin kwali yana da sauƙi, amma gurbinsa ƙunci ne: gajeriyar tsukewa, nama mai lafiya, rufi ba naɗi ba, kuma a nan fatar kunci ta riga ta yi kane-kane. Mai sel kuwa ɗaki mai tsananin tsabta yake so, da ma'aikata ƙwararru, da jiran makonni, kuma na mutum ɗaya ba ya yi wa wani. A Tarayyar Turai tun 2007 doka ta sa irinsa cikin rukunin magunguna na musamman, sai ya bi matakan izini irin nasu. Ga shi yawancin gwaje-gwajen farko a kan dabbobi masu lafiyayyen bututu aka yi, aka yanke aka sa faci nan take, alhali majiyyaci da tabon shekaru yake zuwa. Wanda aka yi wa tayin facin ya tambayi likitansa tsawon tsukewar a hoto, sau nawa aka taɓa wurin a baya, rufi za a yi ko naɗi, da dalilin da ya sa ba za a ɗebo daga kunci ba.