Waiwaye: Yadda talabijin ta karɓe ranar Asabar daga hannun 'yan kallon ƙwallon jami'o'i a Amurka

Tun da Pac-12, ɗaya daga cikin rukunonin jami'o'in da ke gasa da juna, ya watse a 2024, jami'o'i goma suka fice suka bar biyu, magoya bayan ƙwallon jami'o'i a Amurka ke ta gunaguni. Ƙwallon da ake nufi ita ce wadda ake runguma a ruga da ita. Ƙorafin bai wuce guda uku ba: lokacin wasa ba tabbas, tallace-tallace sun yi yawa, kuma an raba tsofaffin abokan hamayya. Wasu na magana kamar jiya abin ya faɗo, alhali ya fi shekara arba'in yana tafe.

An fara nuna wasan jami'o'i a talabijin a 1939, karawar Fordham da Waynesburg. Daga farkon shekarun 1950 aka taƙaita yawan wasannin da za a haska, don gudun kada mutane su zauna gida filaye su koma wayam. A 1984 Kotun Ƙolin ƙasar ta ce wannan taƙaitawa ta saɓa wa dokar gasar kasuwanci. Wannan kowa ya sani.

Abin da ba a cika tunawa ba shi ne abin da ya biyo bayan hukuncin. An zaci kuɗi zai kwararo, sai ga shi wasanni sun cika kasuwa, farashin kowane wasa ya faɗi warwas, kamar tumatir a tsakiyar kaka. Jami'o'in da suka saba da kuɗin talabijin suka ga cewa wasan kansa ya daina tsada. Abin da ya rage musu mai daraja shi ne lokaci. Idan wasa ashirin suka fara da ƙarfe ɗaya na rana, ɗaya kawai mai kallo zai iya bi. Idan aka jera su daga tsakar rana har tsakar dare, kowanne ya sami masu kallo, kowanne ya sami talla. Daga nan sa lokacin wasa ya fara zamewa daga hannun makaranta ya koma cikin yarjejeniya. Ƙungiyar CFA, wadda ke yi wa manyan jami'o'i ciniki a dunƙule, ta rushe a 1997, kowane rukuni ya shiga kasuwa da kansa, darajar jami'a ta koma yawan gidajen da za ta jawo gaban akwati. A duk cinikin nan babu kujerar mai sayen tikiti, kuma a ganina nan ne tushen matsalar.

Yau ana sanar da lokacin wasanni da dama saura kwana 12, wani zubin saura kwana 6. Magidancin da zai tuƙo iyalinsa tafiyar awa biyar bai san ko zai kwana a hanya ba, balle ya kama ɗaki. Wasu ƙananan jami'o'i kuwa a daren Talata ko Laraba suke wasa, maimakon Asabar da aka saba, cikin sanyin Nuwamba, kujeru fayau, saboda daren ne babu cunkoso a talabijin.

A cikin filin ma haka. Wasan minti 60 ne a agogo, amma yana cin fiye da awa uku. Akwai wani ma'aikaci mai jar hula da ke shigowa ya tsaya a fili. Muddin yana tsaye, 'yan wasa da dubban 'yan kallo jira suke har talla ta ƙare. Abin na ɓata min rai, don waɗannan mutane su ne amon da ake sayar wa na gida.

Sai kuma tafiye-tafiye. Jami'o'in Los Angeles yanzu rukuninsu ɗaya da Rutgers ta jihar New Jersey, tazarar kusan kilomita 4,000, tafiyar da ɗalibi ba zai iya bin ƙungiyarsa a mota ba. Karawar jami'o'in Texas da Texas A&M, maƙwabtan juna, ta tsaya bayan 2011, ba a sake yin ta ba sai 2024, da sauyin rukuni ya sake haɗa su.